Rumbu a Gida: Ma'aikacin Laburare da Kasuwar Wallafa Bincike

 

Titin nan da ya ratsa Damba, wanda ya fito daga cikin Gusau ya nufi Kwatarkwashi da Tsafe har Funtuwa da Zariya, titin makarantu ne. A kansa Jami'ar Tarayya ta Gusau take, wadda aka kafa a 2013. A cikin gari ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, a Tsafe ga kwalejin kimiyyar lafiya, in aka nausa ga Maru da Talatar Mafara da Kauran Namoda. Kowace ɗaya tana da laburare, kowace ɗaya kuma tana da malaman da ba za su ga ƙarin girma ba sai sun buga maƙala a mujallar ilimi. Ana rubutu a Zamfara ke nan, rubutu mai yawa. Tambayata a yau ita ce ina rubutun yake tafiya, wa yake iya karanta shi, kuma wa ya mallake shi bayan an buga. Abin da nake son in tabbatar shi ne, gyaran wannan harka a wurinmu ba zai zo ta hanyar sayen ƙarin mujallu ba. Zai zo ne ranar da ma'aikacin laburare ya san kasuwar wallafa ciki da bai, ya zama shi ne mai rumbun da ake zuba abin da aka noma a gida.

Mu fara da yadda kasuwar take. Dattawan Gusau sun san cinikin auduga. Tun da layin dogo ya kai Kauran Namoda a 1929 manomi ke kai audugarsa a auna, a ba shi ɗan abin da aka ba shi, a ɗora ta jirgi, daga baya ta dawo masa a matsayin yadi da tsada. To, manomin nan ya fi malamin jami'a wayo, domin shi dai an biya shi. Malami yakan yi bincike da albashin gwamnati ko tallafin TETFund ko kuɗin aljihunsa, ya rubuta maƙala, ya miƙa wa kamfanin wallafa kyauta. Wasu malamai biyu ko uku su duba ta su gyara, su ma kyauta. Sannan a turo masa takarda ya sa hannu cewa ya sallama haƙƙin mallaka. Daga nan maƙalar ta zama hajar kamfani, kuma laburaren jami'ar da aka yi binciken a cikinta ba zai iya nuna wa ɗalibansa ita ba sai ya biya kuɗin shekara da dala. Mafi yawan malamai ba sa karanta wannan takarda kafin su sa hannu. Murnar an karɓi maƙala ba ta barin mutum ya tsaya duba ƙananan rubutu.

A 2015 wasu masu bincike na Jami'ar Montreal ta Kanada suka ƙididdige maƙalun da aka buga a 2013 a manyan mujallun duniya, suka gano cewa fiye da rabinsu kamfanoni biyar kacal suka fitar, cikinsu har da Elsevier da Springer da Wiley da Taylor & Francis. Ribar da Elsevier ke bayyanawa ta daɗe tana haura kashi 30 cikin 100, abin da ɗan kasuwar Kantin Kwari ko a mafarki bai gani ba. Dalilin wannan riba a fili yake: maƙala ba ta da madadi. In buhun masara ya yi tsada a Tsafe sai a nemi na Funtuwa, amma wanda yake neman wani bincike takamaimai ba zai same shi ba sai a mujallar da ta buga shi. Har Jami'ar Harvard ta Amurka, wadda dukiyarta ta fi ta kowace jami'a, ta fito a 2012 ta faɗa wa malamanta cewa kuɗin da wasu kamfanoni ke karɓa daga laburarenta, sama da dala miliyan 3 a shekara, ya fi ƙarfin a ci gaba da biya. In ruwa ya ci raƙumi, ba a tambayar labarin akuya. Mu kuwa a tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, kafin tsakiyar 2024 ta haura 1,400. Kasafin laburare bai ninka uku ba.

Wannan ne ya haifar da yunƙurin buɗe ƙofar ilimi. A watan Fabrairun 2002 aka fitar da sanarwar Budapest, a 2003 ta Bethesda da ta Berlin suka biyo. Manufar ita ce binciken da masana suka tantance ya kasance a intanet kyauta, kowa ya karanta, ya sauke, ya kwafa, ya rarraba, muddin zai ambaci mai shi. Hanyoyi biyu aka zana tun farko. Ta ɗaya, marubuci ya ajiye kwafin maƙalarsa a rumbun makarantarsa ko na fanninsa, kamar yadda masana kimiyyar fiziks ke yi a arXiv tun 1991. Ta biyu, a kafa mujallun da ba sa karɓar kuɗi daga mai karatu. A nan ne fa 'yan kasuwa suka nuna su ma ba barci suke yi ba. Suka ce to, mun yarda, mai karatu ba zai biya ba, marubuci ne zai biya. A 2021 mujallar Nature ta sa yuro 9,500 kan kowace maƙalar da marubucinta ke so a buɗe, wanda a canjin 2024 ya haura naira miliyan 15. Gaskiya ne ana yafe wa marubutan wasu ƙasashe ko a yi masu rangwame, amma alfarma sunanta alfarma, mai bayarwa shi ke da ikon janyewa. Shingen da ke gaban mai karatu aka ɗauke aka kafa gaban marubuci. A da ba ma iya karantawa, yanzu ana so ya zama ba ma iya yin magana. Ma'aikacin laburaren da ya ɗauka buɗe ƙofa na nufin biyan kuɗin bugawa zai kai malamansa ya baro, kuma da yawa haka suka ɗauka, domin ba wanda ya zaunar da su ya bayyana masu bambancin.

Zamfara tana da nata misali na abin da buɗaɗɗen bincike ke iya yi, misali mai ɗaci. A 2010 aka gano gubar dalma tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega da sauransu, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar MSF da hukumar CDC ta Amurka da ma'aikatan lafiya na jiha suka yi aiki, suka kuma rubuta abin da suka gani. Wani muhimmin rahoto ya fito a 2012 a mujallar Environmental Health Perspectives, wani kuma a 2014 a PLOS Medicine, inda aka yi bayanin zagayen magani 3,180 da aka ba yara 'yan shekara biyar zuwa ƙasa don fitar da dalmar daga jininsu. Duka biyun a buɗe aka buga su. Malamin da ke koyar da ma'aikatan lafiya a Tsafe yana iya sauke su a wayarsa ya karantar da su gobe da safe, ba tare da neman izinin kowa ba. Da gubar ta sake ɓulla a jihar Neja a 2015, darasin Zamfara yana nan a rubuce ga duk mai buƙata. Ku gwada wannan da abin da ya faru a Laberiya. Bayan annobar Ebola ta 2014 ta yi ɓarna, babbar jami'ar lafiya ta ƙasar, Bernice Dahn, da abokan aikinta suka bayyana cewa sun ci karo da wata maƙala ta 1982 da wasu masana na Turai suka buga, wadda ta nuna alamun cutar a jinin mutanen Laberiya, ta kuma yi gargaɗi. An ɗebi jinin a Laberiya, an buga sakamakon a Turai, likitocin Laberiya ba su san da shi ba sai da aka gama jana'iza.

Sai dai kada mu tsaya kan abin da baƙi suka rubuta game da mu. Nauyin da ke wuyanmu shi ne abin da mu muka rubuta. A shiga ɗakin ajiyar kundayen digiri na kowace babbar makaranta a ƙasar nan, abin da za a gani iri ɗaya ne: kundaye masu bango mai kauri da rubutun ruwan zinariya, an jera su har rufi, na ƙasa gara ta fara taɓawa, na kusa da taga damina ta bar masu tabo, ga kwali cike da faifan CD da aka karɓa tare da su, waɗanda yanzu kwamfutocin ma ba su da ƙofar saka su. A cikinsu akwai gwajin ƙasar noma ta Bungudu, da ƙididdigar cutar cizon sauro a asibitocin Gusau, da nazarin waƙoƙin Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi. Mujallun nazarin Hausa kuwa, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero, da Ɗunɗaye ta Sakkwato, da Harshe ta Zariya, tsofaffin fitowarsu sai wanda ya san wani malami da ya adana. Ba Elsevier ce ta kulle waɗannan ba, mu ne. Ɗalibin da ke Damba yana son ya ga abin da aka riga aka rubuta kan maudu'insa, sai ya hau mota zuwa Zariya ko Sakkwato, a kan hanyar da kowa a zauren nan ya san halin da take ciki, don ya karanta shafi talatin.

Tarihin ƙasar nan ya riga ya yanke hukunci kan wannan. 'Yandoto, a nan ƙasar Tsafe, garin malamai ne da ya yi suna tun kafin jihadi, yaƙi ya ci shi a farkon ƙarni na 19, kuma abin da ya iso gare mu na rubutun malamansa bai taka kara ya karya ba. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, da na Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello da Nana Asma'u kuwa suna nan da yawa, a Sakkwato da Kaduna da Ibadan da hannun iyalai. Ba kulle su a akwati ne ya tsare su ba. Almajirai ne suka yi ta kwafa da hannu, wannan ya ara ya kwafa ya mayar, wancan ya tafi da nasa kwafin wani gari, ta yadda in wuta ta ci ɗaya goma na nan. Mai kwafa kuma yakan rubuta sunan mawallafi, sau da yawa har da nasa sunan a ƙarshe. Kwafa da rarrabawa tare da ambaton mai shi: sharuɗɗan Budapest ke nan, sai dai namu da tawada da alƙalamin kara aka yi su.

Maganar rumbun intanet ba sabuwa ba ce a Arewa. A 2008 an yi taron bita a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tare da ƙungiyar EIFL, kuma a 2009 Jami'ar Jos ta buɗe nata rumbun. Manhajar da akasari ake amfani da ita, DSpace, kyauta ce tun 2002. Amma duk mai yawan neman rumbunan jami'o'inmu ya san sau nawa yake tarar da shafin ba ya buɗewa, ko ya buɗe ya ga sunan kundi babu kundin. Ba na'ura ce ta gaza ba. An ɗauki aikin a matsayin kwangilar sashen kwamfuta, aka yi bikin buɗewa, aka watse, ba a bar mutumin da aikinsa na kullum shi ne zuba kaya da kula da su ba. Wannan mutumin ma'aikacin laburare ne, kuma horon da ya samu a makaranta, duk da ingancinsa wajen tsara kataloji da rarraba littattafai, bai cika kai shi nan ba. Yana buƙatar ya iya karanta yarjejeniyar kamfanin wallafa ya faɗa wa malami, wannan sakin layin ne ke raba ka da aikinka, ga kuma yadda za ka nemi a bar maka ikon ajiye kwafi. Ya san cewa kamfanoni da yawa sun yarda a ajiye kwafin ƙarshe da aka karɓa kafin su yi masa ado, wani lokaci bayan wata shida ko shekara. Ya san bambancin lasisin Creative Commons, da amfanin lambar DOI ga maƙala da lambar ORCID ga marubuci. Wannan ta ƙarshe ba ƙaramin abu ba ce a ƙasar da mutum goma a tsangaya ɗaya za su iya amsa sunan Abubakar Muhammad. Ya kuma san abin da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta halatta wa ɗakunan karatu. Sashen koyar da aikin laburare na Zariya tun 1968 yake yaye ɗalibai, ga hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta LRCN, ga ƙungiyarsu ta NLA da ta fara tun 1962. Wuraren da za a shigar da wannan ilimi suna nan, shigarwar ce ta yi jinkiri.

Na san ƙorafin da ke zukatan wasunku, kuma na farko shi ne sata. Ana cewa in aka sa kundi a intanet, ɗalibai za su kwashe su sauya bango. Amsa ita ce suna kwashewa tun yanzu, kuma duhun da kundayen suke ciki ne ke rufa masu asiri. Wanda ya je wata jami'a ya ɗauki hoton kundin da ba kowa ke ganinsa ba ya kawo, wa zai kama shi? Manhajar gano satar rubutu ba ta iya kwatanta sabon aiki da abin da ke kan kantar laburare cikin ƙura. Kundin da ke rumbu da sunan mai shi da ranar da aka ajiye shi yana da shaida. Akwai wani tsoron da ba a cika faɗa da baki ba, wato in aka buɗe kundayen za a ga raunin wasu, da raunin duba su da aka yi. Wannan tsoron gaskiya ne, amma hujja ce ta buɗewa, domin mai duba ɗalibi da ya san duniya za ta ga sunansa a shafin farko zai ƙara buɗe ido. Inda bincike ya ƙunshi sirrin marasa lafiya, ko sunayen mutanen da suka yi magana kan 'yan bindiga, ko wata ƙirƙira da ake neman yi wa rajista, sai a jinkirta ko a rufe wannan ɓangaren. Sanin wanne za a rufe shi ma yana cikin horon.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: cewa buɗaɗɗun mujallu na 'yan damfara ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Kowane malami ya san saƙon imel ɗin nan mai kirari, da ke alkawarin buga maƙala cikin kwana bakwai in an turo dala ɗari. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi mai kurakurai a fili ya aika wa buɗaɗɗun mujallu 304, guda 157 suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin OMICS tarar dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta. Amma a lura da abu biyu. Cikin waɗanda suka karɓi maƙalar Bohannon akwai mujallun da ke ƙarƙashin manyan kamfanoni, PLOS ONE kuwa, wadda buɗaɗɗiya ce, ta ƙi ta. Sannan maƙalar nan ta 1998 da ta danganta wata allurar rigakafi da lalurar ƙwaƙwalwar yara, wadda ta yi wa rigakafi illa a duniya kafin a janye ta a 2010, a The Lancet ta fito, ba a mujallar kwana bakwai ba. Damfara tana bin tsarin biya-a-buga ne, da kuma kwamitin ƙarin girma da ke ƙirga maƙalu kamar buhuna ba ya kwance bakin ko ɗaya, yana fifita duk abin da aka kira na ƙasa da ƙasa ko da a ɗakin haya ake buga shi. Malamin da wa'adin ƙarin girma ya matso masa zai je inda aka fi sauri. Wanda ya kamata ya tare shi kafin ya tura kuɗin shi ne ma'aikacin laburare da ya iya duba DOAJ, kundin buɗaɗɗun mujallu, ya bincika ko editocin da aka jera sun san an jera su, ya gane lambar tasiri ta ƙarya. Shugaban laburare yana zama a majalisar dattawan jami'a. Kujerar ba ta ado ba ce, wurin da zai kawo wannan magana ne.

Na uku, wuta da intanet. Wani zai ce a jihar da aka rufe layukan waya gaba ɗaya a watan Satumban 2021, har mutane suna zuwa Funtuwa don su yi kira, maganar rumbun intanet ba ta yi kama da gina bene a kan yashi ba? Ni a ganina makonnin nan hujja ce a gare mu. Duk abin da ke ajiye a kwamfutocin Amsterdam da Landan ya yanke mana a lokacin. Da an ajiye shi a kwamfutar cikin makaranta, mai aiki da hasken rana, da ɗalibai sun ci gaba da karanta shi ta layin cikin gida ko da babu ko sanda ɗaya ta sabis. Kuma buɗaɗɗen lasisi ne kawai ke halatta maka ka sauke dubban maƙalu ka ajiye a gida. Mujallar haya ba ta yarda da haka, ranar da kuɗinka ya ƙare ko layi ya yanke, ƙofa ta rufe.

Wasu kuma za su ce ai muna samun mujallu ta Research4Life da abin da TETFund ke saya wa makarantu, matasa kuma sun san hanyar Sci-Hub, shafin da ke raba maƙalu ba da izinin masu su ba. A yi amfani da na halal ɗin sosai, abin takaici ne ma a ce makaranta tana da lambar sirrin shiga tana kulle a durowar ofis. Amma a tuna a farkon 2011 wasu kamfanoni sun janye mujallunsu daga shirin HINARI na Research4Life a Bangladash, sai da aka yi ta kururuwa kafin a mayar. Sci-Hub kuwa kotuna sun yanke hukunci a kansa, laburare ba zai gina aikinsa a kai ba. Dukkansu dai, na halal da na haram, hanyoyin shigo da kaya ne. Babu ɗaya da zai fitar da binciken ƙasar Bungudu ya kai shi idon masanin da ke Maraɗi, wanda ƙasarsa da damunarsa irin namu ne.

Akwai hanyar da ba mai karatu ke biya ba, ba kuma marubuci ba. Ƙasashen Kudancin Amurka sun daɗe a kanta: tun ƙarshen shekarun 1990 Brazil ta kafa SciELO, inda jami'o'i da hukumomin gwamnati ke ɗaukar nauyin mujallu a matsayin aikin jama'a, ana bugawa da Fotugis da Sifaniyanci ba tare da jin kunya ba. A nahiyarmu akwai dandalin AJOL tun 1998, mai ɗauke da ɗaruruwan mujallu, na Nijeriya kuma su ne suka fi yawa a ciki. Manhajar gudanar da mujalla ta Open Journal Systems kyauta ce. Mujallar tsangaya da yanzu ake buga kwafi ɗari biyu a raba wa waɗanda suka biya, kuɗin takarda da tawadar fitowa ɗaya zai riƙe ta a intanet na tsawon lokaci. Editoci da masu tantancewa suna nan yadda suke, laburare ne zai riƙe manhajar, ya nemo lambar ISSN daga Babban Laburaren Ƙasa, ya tabbatar Google Scholar na ganin kowace maƙala, ya cika takardar neman shiga DOAJ. Zan ƙara da sharaɗi ɗaya da ba ya cin ko kwabo: kowace maƙala da kowane kundi su zo da taƙaitawa ta Hausa, sakin layi ɗaya, domin malamin gona da ungozoma da kansila su san abin da aka gano a garinsu. Makarantun Gusau da Tsafe da Maru da Kauran Namoda da Talatar Mafara ba sai kowace ta sayi tata na'urar ba. Rumbu ɗaya mai ɗakuna ya ishe su, da ma'aikata biyu daga kowace makaranta da aka horar aka kuma rubuta aikin a cikin takardar aikinsu, da kwafi na biyu a wata jihar. Kundayen da za a karɓa a ƙarshen zangon nan, ɗalibai sun riga sun buga su a kwamfuta, fayil ɗin yana cikin wayoyinsu. Da su za a fara, kafin a koma kan na cikin kwali.